Taron Makaranta: Na Yara Ne ko Na Manyan Baƙi?

Da zarar zango na biyu ya kankama, makarantun sakandare sun shiga kakar taro ke nan. Wasannin gidaje, ranar al'adu, musabaƙa, fita yawon buɗe ido, ziyarar iyaye ga 'yan kwana, sannan idan shekara ta zo ƙarshe a rufe da ranar raba kyaututtuka da walimar yaye ɗalibai. Kusan kowane ɗaya daga cikinsu takarda biyu yake haifarwa. Ta farko ita ce katin gayyata mai ruwan zinare da ake kai wa manyan gari, sunan kowa da sarautarsa a jere. Ta biyu 'yar guntuwa ce da ake ba yaro ya kai gida, ba abin da ke cikinta sai adadin kuɗi da ranar da za a rufe karɓa.

A kan waɗannan takardu biyu mutane suka rabu. Wasu na cewa taruka da baƙi da gidauniya su ne ke sa makaranta ta yi rai, kuma su ne suka hana makarantun gwamnati da dama durƙushewa. Wasu kuwa na cewa an mai da makaranta filin biki da wurin bara: yara su sha rana, iyaye su sha tatsa, manya su sha tafi. Ba rigimar malamai da iyaye ba ce kamar yadda ake zato. A ofishin malamai ɗaya za ka sami ɓangarorin biyu, kuma sau da yawa mutum ɗaya ne ke ɗauke da ra'ayin biyu, ya danganta da ko yau da bakin malami yake magana ko da bakin uba.

Masu goyon baya da tarihi suke farawa, kuma tarihin yana ba su gaskiya. Kwalejin Katsina da aka kafa a 1921, wadda ta koma Kaduna a 1938, ta sake tashi zuwa Zariya a 1949 har ta zama Barewa ta yau, ba a cikin aji kaɗai ta yi suna ba. Wasa yana cikin tsarinta tun daga tushe. A can Sardauna Ahmadu Bello ya koyi wasan fayif, wanda ake bugun ƙwallo da tafin hannu a jikin bango, ya riƙe shi har girmansa, kuma har yanzu ana buga shi a Katsina da Sakkwato. Malam Aminu Kano tun yana ɗalibi a Kwalejin Kaduna yake rubuta wasan kwaikwayo. Da ya je koyarwa Midil ta Bauci, shi da Sa'adu Zungur da Abubakar Tafawa Ɓalewa suka haɗu a zauren tattaunawa na garin a shekarun 1940, inda ake kawo batu a baje shi, kowa ya kawo hujjarsa. Mutanen da daga baya suka miƙe a majalisa suka yi magana har Turawan mulki suka kasa kunne, ba a darasin nahawu suka koyi tsayuwa gaban jama'a ba.

Baƙo ma haka. A 1933 Rupert East na Hukumar Fassara ya zaga garuruwan Arewa yana kiran masu ilimi su rubuta ƙagaggun labarai da Hausa. Kiran ya iske wani matashin malami a Midil ta Katsina, Abubakar Imam, ya iske wani a Bauci, Tafawa Ɓalewa. Ruwan Bagaja da Shaihu Umar suka biyo baya. Masu wannan ra'ayi sukan ce makarantar da ta rufe ƙofarta ga baƙi ba ta san abin da ta kora ba, kuma ba sai an koma zamanin Turawa ba kafin a gane haka. Yarinyar da ta tashi a ƙauyen da ba ta taɓa ganin mace likita ba, ran da wata ta shigo ajinsu da farar riga ta ce ita ma a irin wannan benci ta zauna, an ba ta abin da babu shi a manhaja. Yaron da ya haddace cewa ana tare ruwa don noman rani, in an kai shi ya tsaya a kan madatsar Tiga ya ga ruwan da idonsa, ko ya shiga Gidan Makama, ko ya leƙa rijiyar Kusugu a Daura, ya dawo da wani karatu daban. Ga kuma yaron da kullum shi ne na ƙarshe a lissafi, wanda ba a taɓa kiran sunansa a asambuli ba sai don duka. Ranar wasannin gidaje ya tsere wa kowa a gudun mita ɗari, gidansu ya ɗaga shi sama. Wani wannan rana ɗaya ce ta hana shi barin makaranta ya tafi tasha.

Kulob-kulob ɗin ma ba wasa ba ne. Ƙungiyar ɗalibai Musulmi da aka kafa a Legas a 1954, da takwararta ta ɗalibai Kirista, da Sikawut, da ƙungiyar muhawara, da ta matasan manoma, da ta masu sha'awar kimiyya, a nan yaro yake fara riƙe muƙami, ya rubuta bayanin taro, ya ajiye kuɗin jama'a ya kawo lissafi, ya sha kaye a zaɓe ya haƙura. Gasar karatun Alƙur'ani ta ƙasa da Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta fara shiryawa a 1986, da yawa daga cikin masu hawa kujerarta a ƙananan musabaƙu na makaranta suka fara daina rawar murya.

Amma hujjarsu mafi nauyi ita ce ta kuɗi, kuma daga bakin shugabannin makarantu take fitowa. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ce karatun firamare da ƙaramar sakandare kyauta ne kuma dole, har ta tanadi hukunci ga wanda ya karɓi kuɗi. Jihohi da dama sun faɗaɗa wannan zuwa babbar sakandare. Kano ta shelanta haka a 2019. Shela kuwa ba ta sayen alli. Iska ta yaye rufin aji a farkon damina, famfon rijiyar burtsatse ya mutu, masai ta cika, malamin fizis ya yi ritaya ba a turo wani ba. Shugaba ya rubuta wa ofishin shiyya, shiyya ta rubuta wa hukuma, hukuma ta ce ana duba lamarin. Yara dubu kuwa gobe da safe za su zo. Me zai yi? Sai ya kira ƙungiyar iyaye da malamai, wato PTA, ya nemi tsofaffin ɗalibai, ya aika wa attajirin unguwa. A makarantu da yawa akwai malaman da PTA ce ke biyansu ɗan abin da ya samu a wata, ba don su ba da wasu darussa ba a koyar da su sam. Ita kanta gwamnatin Kano da ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi a watan Yuni na 2024, ai amsawa ta yi cewa ɓarnar ta fi ƙarfin gyaran yau da kullum.

Su kuma tsofaffin ɗalibai, wanda ya shiga Barewa ko Rumfa ta Kano, wadda ta faro a matsayin Midil a 1927, ko makarantun kimiyya na Dawakin Kudu da Dawakin Tofa da aka buɗe a 1977, zai ga gini da gyara masu ɗauke da sunan ajin shekara kaza. Waɗannan mutane ba wanda ya tilasta musu. Taro ne yake dawo da su, su ga ɗakin kwanan da suka zauna babu taga, kunya da kishi su sa su sa hannu a aljihu. To in ka hana taron, ka toshe hanyar da alherin yake biyowa. Ko ka ce musu taron yana cin kuɗi, amsarsu a shirye take: da ruwan ciki ake jan na rijiya.

Ɗaya ɓangaren ba ya musun ko ɗaya daga cikin wannan. Cewa suke yi, a zo a ga yadda abin yake gudana a zahiri.

An sa taro ƙarfe goma. Tun ƙarfe takwas an fito da yara an jera a fili, an yi mako uku ana koya musu maci, darasin bayan tara duk ya tafi a nan. Rumfuna uku ne: ta tsakiya mai kujerun kushin da fanka ta manyan baƙi ce, ta dama ta iyaye, ta hagu ta malamai. Masu makarantar, wato yaran, rana ce rumfarsu. Sha biyu ta wuce babban baƙo bai iso ba, ba kuwa za a fara ba sai da shi. Wajen ƙarfe ɗaya sai ga jiniya, a fito a tarya, ashe wakili ya turo. A gabatar da uban taro, da uwar taro, da babban mai ƙaddamarwa, da mataimakansa, kowa da kirarinsa, kowa ya karɓi lasifika ya ce ba zai tsawaita ba. Kafin a zo kan yarinyar da ta yi na ɗaya a kimiyya, rabin manyan sun tashi, an ce suna da wani taron. Kyautarta littafin rubutu rabin dozin ne da biro. Allon girmamawar da aka miƙa wa wakilin ya ninka kuɗin kyautarta sau da yawa.

Sai a zo kan gidauniya. Mai gabatarwa ya ɗaga murya: "Alhaji Wane, Allah ya ƙara arziki, ya ba da naira miliyan biyu! Jama'a a tafa masa!" A tafa. Wanda ke kusa da shi ba zai yarda a fi shi ba, ya ce shi zai gina aji biyu. A sake tafawa, har da guɗa. Abin da ya shiga faranti a ranar kuwa 'yan dubban da ƙananan ma'aikata da iyaye suka jefa ne. Miliyoyin alkawari ne. Bayan sati biyu shugaban makaranta ya sa babbar rigarsa ya tafi ƙofar gidan Alhaji, ya zauna a benci tare da masu neman taimakon asibiti da na kuɗin haya. In an yi sa'a ya gan shi: "Ranka ya daɗe, kan maganar nan ce ta ranar taro." "Af, Malam, ban manta ba wallahi. Ka dawo bayan Salla." Can a makaranta mai rumfa yana jira, mai lasifika yana jira, mai abinci ta aiko sau biyu, an ci bashin man janareta. In aka zauna aka yi lissafi na gaskiya, taruka da yawa kwalliya ba ta biyan kuɗin sabulu, gibin kuwa a kan 'yar guntuwar takardar nan ta iyaye yake komawa.

Nan ne maganar ta fi zafi. Ana kiran abin gudummawa, amma akwai adadi, akwai ranar ƙarshe, akwai jerin sunayen waɗanda ba su biya ba da ake karantawa a aji. Kuɗin rigar gida, kuɗin mota na yawon buɗe ido, kuɗin anko na ranar al'adu, kuɗin walima, kuɗin hoto, kuɗin kyautar bankwana ta malamin da aka yi wa canji. Kowanne shi kaɗai ba yawa. Amma uban da ke da yara huɗu a makaranta, yana karɓar mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka amince da shi a 2024, ko ma ba ya karɓar komai sai abin da kasuwa ta ba shi, bayan an cire tallafin mai a 2023 komai ya yi tashin gwauron zabi, shi ya san nauyinsu idan sun taru. Wanda ake aika wa da saƙon kuma yaro ne. Shi zai tsaya gaban ubansa ya faɗa, shi zai dawo gaban malam ya ce, "Baba ya ce sai wata ya yi." Shi za a bari a aji ranar da mota ta tashi da 'yan ajinsu. Wani lokaci ma akan aika ɗalibai da kati su bi gidaje da shaguna suna neman taimako, 'yan mata masu tasowa a cikinsu. A garuruwan da ake ta fama da barar yara a titi, makaranta ce da kanta take koyar da ita da yunifom.

Hukumomi sun san da wannan. A 2016, zamanin minista Adamu Adamu, ma'aikatar ilimi ta tarayya ta hana ƙungiyoyin iyaye da malamai karɓar kuɗin gine-gine a kwalejojin tarayya 104, ta ce kuɗin ƙungiya kada ya wuce naira 5,000 a zango, saboda a wasu wurare harajin PTA yana neman ya kere kuɗin makarantar kansa. A 2025 jihar Sakkwato ta hana shagalin da ɗalibai ke yi ranar kammala jarrabawar ƙarshe, na rubuce-rubuce a riga da zagaye gari, jihar Imo kuma ta hana bikin yaye 'yan nazare da 'yan aji uku na ƙaramar sakandare don a rage wa iyaye nauyi. Makarantun kuɗi su suka fi ƙwarewa a wannan fanni. A wasunsu bikin yaye ɗalibai talla ce da iyaye ke biya: a kama ɗakin taro, a ɗinka alkyabba, a yanka kek, a watsa a Facebook.

Ranar ziyara ta makarantun kwana tana da nata ciwon, ko da yake ba wanda zai ce a soke ta. Uwa ta kwana tana suya, ta ɗaure garin kwaki da ƙuli-ƙuli da yaji da sukari, ta shiga motar haya ta yi tafiyar rabin yini don ta ga ɗanta na awa biyu. Wannan rana ce ake gane yaro ya rame, ko yana ɓoye ciwo, ko wani siniya ya matsa masa. Amma a fili ɗaya za ka ga wanda aka zo masa da mota biyu da kuloli, aka shimfiɗa darduma ƙarƙashin darbejiya, ga wanda yake tsaye kusa da get tun safe yana leƙen hanya har aka kaɗa ƙararrawa. Makarantun da suka san aikinsu sukan ƙayyade abin da za a kawo, kuma malamin gida yakan lura da waɗanda ba a zo musu ba. Da yawa ba sa yi.

Akwai kuma maganar wane ne baƙon. Idan zaɓe ya matso, makaranta takan cika da masu ƙaunar ilimi. A raba littattafan rubutu masu hoton ɗan takara a bango, a sa yara su rera masa waƙa, a ɗauki hoto, a wuce. Wani kamfani ya zo da sunan wayar da kai, ashe kasuwa yake nema. Sannan tun daga Chibok a 2014, inda aka kwashe 'yan mata 276, zuwa Dapchi a 2018, da Ƙanƙara a Disamban 2020, da Jangebe a Fabrairun 2021, get ɗin makaranta ya daina zama abin wasa. Ba taro ne ya jawo waɗancan masifu ba, kada a yi mini mummunar fahimta. Amma makarantar da ba ta da katanga, a yankin da ba a barci da ido biyu, in ta tara ɗaruruwan mutanen da ba wanda ya rubuta sunansu, ko ta loda yara a tsohuwar bas zuwa wani gari mai nisa, dole a tambaye ta ko ta auna abin da take yi.

Hujjar da ta fi tsaya mini a rai cikin nasu duka ba a cika faɗinta a taron iyaye ba. Gudummawa ba inda aka fi bukata take zuwa ba, inda aka fi suna take zuwa. Barewa ta yaye Tafawa Ɓalewa da Yakubu Gowon da Murtala Muhammad da Shehu Shagari da Umaru Musa 'Yar'aduwa. In ta yi kira, akwai masu amsawa a kowace ma'aikata da kowane banki. Sakandaren jeka-ka-dawo da aka buɗe shekaru goma sha da suka wuce a wani ƙauye, wadda manyan tsofaffin ɗalibanta su ne mai acaɓa da malamin sa-kai da mai shagon caji, wa za ta kira? Ko ta buga kati, babban baƙonta kansila ne. Tsarin da ya jingina gyaran makaranta a kan gidauniya yana ƙara wa mai shi ne, ya bar marar shi inda yake. Kuma kowane ajin da tsofaffin ɗalibai suka gina yana rage ƙarar kukan da ya kamata gwamnati ta ji. Manyan da muryarsu za ta iya girgiza ma'aikatar ilimi sun gyara tasu makarantar, hankalinsu ya kwanta. Alhali kuɗin da doka ta ware wa hukumar ilimin bai-ɗaya, kashi 2 cikin ɗari na kuɗin shigar tarayya, an sha barin biliyoyinsa a ajiye saboda jihohi ba su kawo nasu kason ba.

Masu goyon baya suna da martani, kuma ba na raina shi. Suna cewa duk abin da aka lissafa ɓarnar masu yi ce, ba ta abin ba. In an ce a jira gwamnati, yaron da ke aji ɗaya yau zai gama ya fita rufin bai dawo ba. Shekarunsa na sakandare shida ne, ba za a ajiye masa su ba sai ranar da kasafi ya gyaru. Kuma hana karɓar kuɗi ba tare da an aiko da madadinsa ba, bai taɓa hana karɓa ba, sauya masa suna kawai yake yi ya koma inda ba rasit. Wannan gaskiya ce da duk wanda ya taɓa zama a kwamitin makaranta ya sani.

Ni dai inda na tsaya, ina ganin an ɗaure abubuwa uku da igiya ɗaya, shi ya sa muhawarar ta ƙi ƙarewa. Harkokin ɗalibai daban, baƙi daban, neman kuɗi daban. Muhawara tsakanin aji biyar da aji shida ba ta bukatar ko kwabo: benci biyu ne da agogo da malami mai adalci. Wasan kwaikwayo da tsofaffin riguna ake yinsa. Tsere fili yake so da toka ta ja layi. Kuɗi yana shigowa ne daga lokacin da aka ce wani babba zai zo, don shi ake kama rumfa, don shi ake ɗinka anko, don shi ake cinye mako uku ana maci a zangon da WAEC da NECO ke bakin ƙofa. Cire shi daga lissafi, ka ga yawancin takardun da ake aika wa iyaye sun rasa dalili. A kan wannan ina tare da masu goyon baya ɗari bisa ɗari: makarantar da ba ta da kulob ba ta da wasa, wurin haddar amsa ce kawai. Sai dai abin da suke karewa ya fi abin da ake yi araha nesa ba kusa ba.

Baƙon da ya cancanci lokacin yara shi ne wanda zai shiga aji, ba wanda za a fito da aji dominsa ba. Ungozoma daga asibitin gari, makanikin da ya iya gyaran famfon sola, tsohuwar ɗalibar da ke karatun lauya, manomin da ya san takin zamani, dattijon da ya san tarihin ganuwa. Waɗannan ba sa zuwa da jiniya, ba sa makara, kuma yara suna iya ɗaga hannu su yi musu tambaya. In gwamna ko sarki zai zo, madalla, girma ne ga makaranta. Amma a fara a kan lokaci ko ya iso ko bai iso ba, a fara kuma da kyautar yara.

Kan kuɗi kuwa na fi karkata ga masu suka, ko da yake ba zan bi su har inda suke cewa a rufe ƙofar gudummawa ba. Sharaɗina na farko shi ne a fitar da yaro daga tsakani. Kada ya kai saƙon kuɗi, kada a karanta sunansa, kada a bar shi a baya don ubansa bai biya ba. In za a je Tiga, ko dai kowa ya je ko a nemi inda ƙafa za ta kai. Abin da manya suka yanke a taron iyaye, manya su karɓa a tsakaninsu, da rasit, kuma wanda ba shi da hali a ɗauke masa ba tare da shela ba. Na biyu, duk abin da ya shigo da abin da ya fita a manna shi a allon sanarwa inda mai sayar da awara a bakin get ma za ta iya karantawa, har da sunan wanda ya yi alkawari da abin da ya cika. Na tabbata wannan shafi ɗaya zai rage yawan miliyoyin da ake ambata a lasifika, ya ƙara yawan waɗanda ke isa asusu. Ƙungiyoyin tsofaffin ɗalibai da suka ga jiya da yau sun riga sun gano hanya: ba sa miƙa tsabar kuɗi, su ke kawo mai gini da buhunan siminti, su tsaya a kan aikin har a gama.

Saura makarantar ƙauyen nan da ba ta da kowa, wadda babu gyaran tsarin taro da zai amfane ta. Ita maganinta kuɗin hukuma ne da zai shiga asusunta kai tsaye, kowane zango, gwargwadon yawan yaranta. Ba sabon abu ba ne. Kwamitocin gudanar da makaranta na al'umma sun daɗe a tsarin ilimin ƙasar nan, kuma shirin AGILE na tallafa wa karatun 'yan mata, wanda Bankin Duniya ya amince masa da dala miliyan 500 a 2020 ya fara da jihohi bakwai, ciki har da Kano da Katsina da Kaduna da Kebbi da Borno, ta hannun waɗannan kwamitoci yake tura wa makarantu kuɗin gyara. Matsalarsa ita ce rance ne, kuma yana da wa'adi. Ranar da ya ƙare, ko dai jihohi su mai da wannan hanya layi na dindindin a kasafinsu, ko shugaban makaranta ya koma benci a ƙofar gidan Alhaji. Manyan ƙungiyoyin tsofaffin ɗalibai suna da kwamishinoni da 'yan majalisa da manyan sakatarori a cikinsu. Da za su kashe rabin ƙarfin da suke kashewa wajen shirya liyafar shekara su bi wannan layi guda a majalisun jihohinsu har ya tabbata, da sun yi wa makarantu ɗari abin da yanzu suke yi wa ɗaya.